"Da Sauƙi" Ba Awo Ba Ne: Tsokaci Ga Masu Shirin Jarrabawar Aikin Jinya

A hutun da ya gabata 'yar ƙanena ta dawo gida Furana daga makarantar koyon aikin jinya, da jaka cike da littattafai da waya cike da tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Watanni kaɗan suka rage mata ta zauna jarrabawar da ɗalibai ke kira "Kansul", wadda sai mutum ya haye ta ake ba shi lasisin taɓa jikin maras lafiya da sunan nas. Da yake ni ma a wannan aiki na yi furfura, na shekara 35 ina zagaya asibitocin Jihar Kaduna kafin in ajiye farin kaya, sai ta mai da ƙofar ɗakina ajinta. Kullum bayan la'asar za ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Baffa, tambaye ni." Ni kuwa in yi ta mamakin kaifin ƙwaƙwalwarta. Jijiyoyi 12 da suka fito daga ƙwaƙwalwa ta jero su ba gargada, ƙasusuwan jiki 206 ta san mazaunin kowanne, sunayen magunguna kuwa kamar da su aka yaye ta.

Ran nan muna cikin haka sai ga wata maƙwabciyarmu ta yi sallama, goye da yaro ɗan shekara biyu. Ta ce zazzaɓi ne da tari yau kwana uku, an karɓo masa magani a kemis, ta zo ne a duba mata ko za a ƙara wani. Na ce wa ɗalibar tawa, "To, ga jarrabawa ta zo har gida." Ta dubi uwar ta ce, "Yaya jikin nasa?" Uwar ta ce, "Da sauƙi." Sai na ga 'yata ta saki jiki, har ta fara lissafa mata magungunan zazzaɓi. Na ce ta dakata, ta ɗaga rigar yaron, ta dubi agogo, ta ƙirga numfashinsa na minti guda cur. Ta ƙirga 58. Ta kuma ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa duk sa'ad da ya ja iska. Da muka ƙara bin ba'asi, uwar ta ce tun safe ko ruwa ya ƙi karɓa. Ba a yi minti goma ba aka ɗora su a babur zuwa asibiti, inda aka kwantar da yaron kwana biyar ana yi masa maganin limoniya. Da daddare 'yata ta zo ta zauna shiru, can ta ce, "Baffa, wallahi na san wannan adadi, yana cikin littafina. Ban dai tuna in ƙirga ba."

Wannan magana tata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mai karatu, abin da nake son mu tattauna shi ne, ran maras lafiya a ƙauyukanmu ya fi rataya a kan ƙananan ayyukan da ɗalibai ke rainawa: wanke hannu, tabbatar da sunan wanda za a ba magani, ƙirga numfashi da bugun jini, lissafin allura, juya wanda ya daɗe a kwance, da rubuta abin da aka yi. A littafi su ne babi na farko, wanda ake tsallakewa a gaggauce don a isa ga manyan cututtuka masu dogayen sunaye. A bakin gado kuwa su ne aikin kansa. Hausawa sun ce wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Bari mu fara da ita jarrabawar. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda doka mai lamba 89 ta shekarar 1979 ta kafa, ita ke shirya jarrabawar kammala horo, ita ke rajista, ita ke ba da lasisi, ita kuma ke da ikon karɓe shi. Bayan tambayoyin zaune, akwai gwajin aiki, inda ɗalibi ke zagaya tashoshi, a kowace a ba shi 'yan mintoci ya nuna yadda zai yi wani aiki a gaban mai sa ido. Jami'an kiwon lafiyar al'umma, waɗanda su ne ƙashin bayan ƙananan asibitocinmu, suna da tasu hukumar da aka kafa a 1992, da tasu jarrabawar. A wannan shiyya tamu ba baƙon abu ba ne, domin kwalejin kimiyyar lafiya ta Makarfi, wadda aka sa wa sunan marigayi Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris, ta yaye 'ya'yanmu da dama da ke riƙe da ɗakunan shan magani daga Paki har Likoro.

A Amurka akwai wani rukuni na ma'aikatan jinya da ake horarwa kimanin shekara guda, aikinsu kula da maras lafiya a bakin gado ƙarƙashin babban nas ko likita. Jarrabawarsu ana kiran ta NCLEX-PN, kuma tun 1994 a kwamfuta ake yin ta. A watan Afrilun 2023 aka sake mata fasali, aka ƙara nauyi a kan tambayoyin da ke ba ɗalibi labarin maras lafiya sannan a tambaye shi: me ka lura da shi, wanne ne ya fi gaggawa, me za ka fara yi? Masu jarrabawar sun gano abin da na gani a tsakar gidanmu, wato mutum yana iya haddace adadi ya kasa tuna shi a lokacin da ake bukatarsa.

Idan wannan ya dami ƙasar da likita ke bayan ƙofa, mu ya kamata ya hana mu barci. Gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ɗauki manufar gyara cibiyar lafiya guda a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 255 na jihar. Gini dai an gani. Amma wanda ke cikin ginin da ƙarfe biyun dare, a Saulawa ko Gimi ko Kauran Wali, galibi nas ne guda ko jami'in lafiyar al'umma guda. Babban asibiti yana Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana can Shika, da damina kuwa wata hanyar sai babur ya yi da gaske. Wannan ma'aikaci shi ne zai yanke shawara ko a jira gari ya waye ko a tashi direba yanzu. Ba shi da na'urar hoto, ba shi da ɗakin gwaji. Abin da yake da shi idonsa ne, da yatsunsa, da agogo, da ma'aunin zafi, da abin awon jini.

To, ga inda al'adarmu ta shigo. Bahaushe ba ya cewa jiki ya yi tsanani. Ko yana kan gargara, in ka ce "Yaya jiki?" zai ce "Da sauƙi", in ka ƙara zai ce "An gode Allah." Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na kushe ta. Amma gaisuwa ce, kuma ma'aikacin da ya rubuta ta a fayil a matsayin sakamakon dubawa ya yaudari kansa. Jiki yana da nasa harshen da ba ya jin kunya. Zafin jikin babba mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Bugun jininsa tsakanin 60 da 100 a minti. Numfashinsa tsakanin 12 da 20. Ga yara kuwa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane yake: jaririn da bai kai wata biyu ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi sauri; daga wata biyu zuwa shekara guda, 50; daga shekara guda zuwa biyar, 40. Yaron maƙwabciyarmu yana 58. A cikin waɗannan awo duka, numfashi ne ke fara nuna cewa jiki na shirin rikicewa, kuma shi ne aka fi yi wa ha'inci, domin ba shi da na'ura, sai an tsaya an ƙirga. Sau nawa na buɗe fayil na tarar an jera 20, 20, 20 tun safe har dare, kamar maras lafiyar inji ne!

Haka abin yake a ɗakin haihuwa. Mai ciki da awon jininta ya kai 140 bisa 90, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, tana bakin ƙofar jijjiga ko da tana murmushi. Wadda ta haihu ta zubar da jinin da ya kai mililita 500 ta shiga haɗari, kuma don mai karatu ya gane yawansa, cikin ledar ruwan sha guda ke nan da ake sayarwa a tasha. Zani biyu sun isa su shanye shi ba a lura ba. Macen da aka horar tun tana ƙarama cewa kuka a wurin haihuwa abin kunya ne ba za ta yi kira ba. Sai ma'aikaciya ta je da kanta, ta taɓa mara ta ji ko mahaifa ta ƙulle, ta ɗaga zani ta duba, ta kama hannu ta ƙirga. Haka kuma idan aka kwaso mutane daga haɗarin mota a hanyar Zariya zuwa Kano, wajen Tashar Yari, mai ihu yana da iskar yin ihu. Wanda ya yi shiru a gefe shi za a fara dubawa, bisa tsarin da kowace jarrabawa ke tambaya: hanyar iska tukuna, sannan numfashi, sannan jini.

Na biyu shi ne sanin wane ne a kan gadon. A nan zan ba da labarin kaina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A shekarata ta biyu da fara aiki, ina dutin dare a ɗakin maza na wani asibiti, akwai dattawa biyu masu suna ɗaya a gadaje maƙwabta. Ɗaya yana da ciwon sukari, ɗaya ciwon ƙafa ya kawo shi. Da rana 'yan uwansu sun musanya musu gado, saboda ɗaya yana son kusa da taga, ba wanda ya gaya mini. Na zo da tiren magani, na dubi lambar gado, na kira suna, dattijo ya amsa, na ba shi ƙwayar rage sukari ya haɗiye. Can tsakar dare na wuce na ce, "Baba, yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, ɗana." Na wuce abina. Allah Ya kawo Sistar da ke zagayen dare. Ta tsaya a kansa, ta taɓa goshinsa ta ji gumi mai sanyi, ta kama hannunsa ta ji yana rawa, bugun jini na gudu. Ta ce, "Malam, me ka ba bawan Allahn nan?" Da na ɗauko fayil sai gabana ya faɗi. Muka jiƙa sukari muka ba shi, aka kira likita, aka ɗaura masa ruwa, muka kwana a kansa. Ya tashi lafiya. Da safe Sista ta sa na rubuta abin da ya faru da hannuna, ba ta zage ni ba, ta dai ce, "Gado ba ya ciwo, mutum ke ciwo."

Tun daga ranar ban sake kiran suna in jira a amsa ba. Sai in ce, "Baba, gaya mini sunanka da na mahaifinka da garinku," in gwada da kati. Ƙa'idar duniya ita ce a tabbatar da mutum da shaida biyu aƙalla, kuma lambar gado ba ta cikinsu. A ƙasar Hausa wannan ƙa'ida ta fi ko'ina muhimmanci. A ɗaki guda za ka sami Muhammadu huɗu da A'isha biyar. Kishiyoyi biyu za su yi kati da sunan miji ɗaya. Uwa ba za ta faɗi sunan ɗanta na fari ba saboda alkunya, sai ta ba ka laƙabi. Wani gidan kati guda ne kowa ke zuwa da shi don a rage kuɗi. Wanda bai san mutanensa ba, ko ya ci maki ɗari bisa ɗari, wata rana zai ɗaura wa wani jinin wani. Shi ya sa ma aka ce minti 15 na farkon ƙarin jini ma'aikaci ba ya barin bakin gado.

Na uku shi ne magani. Kowane ɗalibi ya haddace sharuɗɗa biyar: mutumin da ya dace, maganin da ya dace, adadin da ya dace, hanyar da ta dace, lokacin da ya dace. Matsalar tana wurin lissafi. Alal misali, likita ya ce a ɗaura ruwa mililita 500 ya shiga cikin awa huɗu, igiyar kuma mai ɗigo 20 ce a kowace mililita. Ɗigo 10,000 ke nan a raba wa minti 240, ya ba da kimanin ɗigo 42 a minti. Wanda ya buɗe igiya da ka, ya ce "ya yi daidai", yana iya cika huhun tsoho ko na jariri da ruwa. Yaro mai kilo 10 da za a ba farasitamol, miligiram 15 ne a kowane kilo, wato 150; in ruwan maganin mai miligiram 120 ne a mililita 5, kimanin mililita 6 zai sha, da sirinji ko murfin awo, tun da cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba. Allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ce a kowane kilo, ga yaron da bai kai kilo 20 ba kuwa miligiram 3. Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan sikeli. Inda ba a auna yaro ba, hasashe ake yi da ransa.

Ko wurin da allura za ta shiga ilimi ne. Akwai babbar jijiya da ta sauka daga ƙugu ta bi ta ɗuwawu har ƙafa. Wanda ya soka allura a tsakiyar ɗuwawu ko ƙasa yana iya taɓa ta, yaro ya tashi yana jan ƙafa har abada, a ce shan inna ce. Shi ya sa ake koyar da a raba ɗuwawu gida huɗu a zaɓi na sama ta waje, ga ƙananan yara kuwa a yi a gefen cinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kurakuran magani na cin kimanin dala biliyan 42 a duniya kowace shekara. A ƙauye ba da dala muke lissafa su ba, da yaran da ke ɗingishi muke lissafawa.

Na huɗu shi ne hannu. A 1847 wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Ignaz Semmelweis, yana aiki a asibitin haihuwa na birnin Biyenna, ya tilasta wa likitoci da ɗalibai wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa. Mace-macen da suka kai kusan 18 cikin 100 a watan Afrilu suka faɗo zuwa kimanin 2 cikin 100 a watannin da suka biyo baya. Abokan aikinsa suka ji haushi, suka ƙi yarda cewa hannun mai ilimi zai iya ɗaukar cuta. Yau fiye da shekara 170 ke nan, har yanzu ana fama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce a cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibiti, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 a ƙasashe irin namu, suna kamuwa da wata cutar da ba da ita suka zo ba. Lokutan wanke hannu biyar ne: kafin taɓa maras lafiya, kafin aikin da ke bukatar tsabta kamar allura ko wankin ciwo, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa maras lafiya, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Da ruwa da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, da man goge hannu 20 zuwa 30. Safar hannu guda da aka zagaya gado goma da ita ta kare mai ita, ta raba cuta ga mutum goma.

Wannan ka'ida ran ma'aikacin ma take tsarewa. Zazzaɓin Lassa da muke jin labarinsa kowane rani, a jikin nas-nas aka fara gane shi. A farkon 1969 Laura Wine, nas a asibitin mishan na garin Lassa a ƙasar Borno, ta kwanta ciwo, aka kai ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, sai da aka kai ta Amurka ta sha da ƙyar. A 2014 da Ebola ta shigo Legas, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dokta Stella Adadevoh da ma'aikatan jinya. Ko ba annoba, allurar da aka yi amfani da ita abar tsoro ce. In ta soki ma'aikaci bayan ta fito daga jikin mai ciwon hanta nau'in B, haɗarin kamuwa yana iya kai 30 cikin 100; na ƙanjamau kimanin 3 cikin 1,000. Don haka ba a mayar wa allura murfi, a jefa ta cikin kwalin da aka tanada, kwalin kuma a rufe shi in ya kai kashi uku cikin huɗu. Wanda tsautsayi ya faɗa wa ya wanke wurin, ya kai rahoto nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau ba ya wuce awa 72 ba a fara shi ba. Kowane ɗalibi kuma ya tabbatar ya yi rigakafin ciwon hanta kafin ya shiga ɗakin marasa lafiya.

Na biyar shi ne aikin da muka sallama wa masu zaman jinya. A asibitocinmu uwa ko 'ya ko mata ce ke wanka, ke ba da abinci, ke kai bahaya. Ƙarancin ma'aikata ya sa ba makawa sai da su, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai an ba su aikin ba a ba su iliminsa ba. Tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar yana bukatar a juya shi kowace awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige ta mutu, gyambo ya buɗe, wani lokaci shi ke kashe shi kafin ciwon da ya kawo shi. Wanda hankalinsa bai dawo sosai ba, in aka ɗura masa kunu yana kwance, kunun huhu zai tafi. 'Yarsa da ta yi haka ƙauna ce ta sa ta, laifin yana kan ma'aikacin da bai tsaya minti biyar ya nuna mata yadda za ta tayar da shi zaune ba. Ana iya wakilta aiki, amma alhaki yana nan a wuyan mai lasisi. Haka nan miƙa aiki tsakanin mai tashi da mai karɓa: a yi shi a bakin gado, a faɗi abin da aka yi da abin da ake tsoro, a rubuta. Da an yi mini haka a wancan dare, da na san an musanya gado.

Me ya sa ɗalibanmu ke tsallake waɗannan abubuwa? Ina ganin mun mai da lasisi tikitin mota. A farkon 2024 magatakardan hukumar jinya na lokacin, Dokta Faruk Abubakar, ya bayyana cewa nas-nas kimanin 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Ba na zargin wanda ya tafi neman halalinsa, albashi da yanayin aiki sun isa su kori mutum. Amma idan burin ɗalibi tun daga aji ɗaya shi ne takarda, zai nemi gajeriyar hanya zuwa takarda. A 2023 hukumar jinya ta Ingila ta ba da sanarwar gano maguɗi mai yawa a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, abin da ya jefa ɗaruruwan 'yan Najeriya cikin tuhuma, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Wanda ya saci amsa a jarrabawar tarihi kansa ya cuta. Wanda ya saci amsa a jarrabawar jinya ya saci lasisin da zai tsaya da shi a kan mahaifiyar wani.

Saboda haka ina kira ga malaman makarantun jinya da na kimiyyar lafiya, su riƙa bin ɗalibai har bakin gado, kada littafin shaidar aiki ya zama abin da ake sa wa hannu a ofis ranar ƙarshe. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, su zagaya cibiyoyin lafiyarsu ba tare da sanarwa ba, su tambayi abu biyar kacal: akwai ruwa, akwai sabulu, akwai sikeli, akwai abin awon jini mai aiki, akwai fitilar dare? Kuɗin waɗannan bai kai na bikin buɗe gini guda ba. Ina kira ga shugabannin asibitoci su yi koyi da waccan Sista, su sa ma'aikaci ya iya faɗin kuskurensa ba tare da an tozarta shi ba, domin kuskuren da aka ɓoye sai ya sake faruwa a kan wani.

Ku kuma 'yan boko da ke karanta wannan shafi, ku ne ake kira a waya in an kwantar da wani a gida. Kada taimakonku ya tsaya a kan tura kuɗi. Tun watan Yulin 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin maras lafiya, wanda ya ba shi damar a yi masa bayani da harshen da yake ji. Ku koya wa iyayenmu cewa ba rashin kunya ba ne a tambayi sunan allura da amfaninta, matambayi ba ya ɓata. Ku gaya musu "da sauƙi" ta masu zuwa dubiya ce, in ma'aikaci ya tambaya a faɗa masa inda ke ciwo, da tun yaushe, da abin da aka sha a gida, na kemis da na gargajiya.

Ga ɗalibai kuwa, ba na ce ku ajiye tambayoyin baya ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku karanta su, amma kowace tambaya ku sa mata fuska. In an ce yaro ɗan shekara biyu, ku ga ƙanenku. In an ce mai jego, ku ga yayarku. 'Yata ta koma makaranta makon jiya. Da za ta tafi na ba ta tsohon agogona mai hannun daƙiƙa, wanda na yi shekaru ina maƙalawa a aljihun farar riga. Ta juya shi ta ce, "Baffa, ai akwai agogo a wayata." Na ce na sani, amma waya tana cikin jaka, wannan kuwa a ƙirji yake zama, duk sa'ad da kika sunkuya kan maras lafiya zai leƙo ya tuna miki. Allah Ya ba su sa'ar jarrabawa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi na gaskiya, wanda awo zai tabbatar.